Jan Ganye a Ruwan Zartsi

Daga makarantar horar da sojojin ruwa, can Kudu
Zuwa ga Hajiya Ramota, Fagge, Kano

Assalamu alaikum, Mama.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya kasuwa, ya zafin Kano, ya kuma gwiwar taki? Ina fatan kina shan maganin hawan jini a kan kari, ba sai kai ya fara sara miki ba.

Na iso lafiya. Tun a bakin ƙofa aka karɓe wayoyinmu, an ce sai ranar da muka gama horo, shi ya sa kika ga takarda kamar zamanin su marigayi Baba. Akwai direban wata babbar mota da ke sauke fasinja a tashar Sabon Gari, shi zai riƙa kawo wasiƙa, Malam Ikrima mai adaidaita ya karɓo miki in ya je ɗauko kayan shago. An aske mini kai tas. Kada ki yi kuka, gashi ne, zai tsiro.

To, ya kifina Kansila? Ke kika raɗa masa sunan, da kika ce ba ya zuwa gaban gilashi sai ya ga abinci a hannun mutum, don haka ba ki da damar cewa ba ruwanki da shi. Ki tuna shi ba irin talibambam ɗin kogi ba ne. Asalinsa daga inda kogi ke haɗuwa da teku ne, ruwansa zartsi ne, gishiri kaɗan, na cikin shuɗin bokitin nan kawai. Ki riƙa jefa masa ƙananan dodon koɗi don haƙoransa.

Abin da ke damuna shi ne tankinsa fayau yake. Na cire ganyen roba saboda yana gutsura, ban kuwa samu na dasa mai rai ba kafin in taho. In ba shi da wurin ɓuya sai ya wuni yana sama yana ƙasa a jikin gilashi har ya rame. Amma ba kowane ganye ke rayuwa a zartsi ba. Don Allah, Mama, kada ki sa komai a tankin sai kin tambayi Mama Philo mai shagon kifi.

Na san kin rantse ba za ki ƙara yi mata magana ba, ƙafarki kuma ba za ta taka shagonta ba, tun ranar da kika ji ita ta raka ni wurin tantancewa ba da saninki ba. Ban ce ki yafe yau ba. Kifina kawai nake roƙa wa. Na rubuta mata ita ma.

Ki gaida mutanen layi. Ki sa ni a addu'a.

'Yarki,
Rofiat

*

Fagge
Zuwa ga Madam Philomena, mai shagon kifin ado, Sabon Gari

Gaisuwa irin wadda addini ya ce a yi wa maƙwabci, ko da tsohon maƙwabci ne.

Kada ki ga takardata ki ɗauka na sauko. Rantsuwata a kan bakina da ƙafata take, ban haɗa da biro ba, kuma ba don ke na ɗauke shi ba.

Mun yi shekaru a gida ɗaya a Sabon Gari kafin mu dawo Fagge, ɗakina na kallon ɗakinki. Ban taɓa hana Rofiat cin abincinki ba, ban hana ta kwana a gadonki ba. Da ta fara wuni a shagonki tana leƙen kifi maimakon ta zo kasuwar Kwari ta koyi auna yadi, na yi shiru. Sakayyar da kika yi mini ita ce ki riƙe hannun 'yata tilo ki kai ta aikin cikin teku, ni uwarta sai a bakin mai sayar da kunu na ji. Allah ya isa ban ce ba, amma ta zo mini har maƙogwaro.

Jiya Malam Ikrima ya ɗauko wasiƙu biyu daga tasha, ya fara biyowa ta nan. Kafin ya wuce da taki na karɓa na riƙe su, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ban buɗe ba, ni ba ɓarauniya ba ce. Amma shekara talatin ina ɗaga turmin atamfa, hannuna ba ya ƙarya. Taki ta fi kauri, nesa ba kusa ba. Me take faɗa miki da ba zai shiga tawa ba?

Bar wannan. Yarinya ta ce in tambaye ki ganyen da za a dasa wa kifinta, ga shi na tambaya. Sunaye kawai nake so, a rubuce. Ba na son kyauta, ba na son shawara. Ni ce na raini mai kifin har ta girma, kifin da bai kai babban yatsana ba ba zai gagare ni ba. Ranar da za ta dawo a ɗakina za ta same shi, lafiyayye, ta san wace ce uwarta.

Wassalam,
Hajiya Ramota

*

Sabon Gari
Zuwa ga Iya Rofiat

Ƙawata, sannu da fushi. Ina gaishe ki da sunan Ubangiji, ina gaida gwiwarki da ke jan ruwa duk damina, ina gaida biron da ya tsira daga rantsuwa.

Yau ni ce Madam? Ni da na goya Rofiat wata da watanni lokacin da ciwo ya kwantar da ke? To, na karɓa. Madam tana amsawa.

Kin ce sunaye kawai. Suna ba ya tsiro a ruwa, don haka ga bokiti nan a hannun Malam Ikrima, ki yi yadda kika ga dama da shi. Iri biyu ne. Mai dogon ganye kamar harshe, masu kawo mana kaya suna ce masa Java fern. Mai faɗin ganye mai sheƙi kuwa Anubiyas, wannan ma a rafin garinmu yake fitowa, muna yara muna tattaka shi ba mu san Turawa na saye ba. Na zaɓe su ne don ganyensu kauri ne da shi, gishiri kaɗan ba ya ƙona su, haƙorin Kansila ba ya yaga su, kuma ba su damu da fitila ba, ko an ɗauke wuta sati guda suna nan.

Abu uku, ki ji da kyau. Kada ki binne su a yashi. Kin ga jijiya mai kauri da ke kwance a ƙarƙashin ganyen? In ta shiga ƙasa ruɓewa take yi. A jikin itacen da na haɗo miki za ki ɗaure su da baƙin zaren auduga, ba tamau ba. Zaren zai ruɓe da kansa, kafin nan saiwa ta kama. Na biyu, wannan zafin yana shanye ruwan tanki, amma ba ya shan gishirin. In kika ga ruwa ya ja baya, ruwan daɗi zalla za ki ƙara, wanda ya kwana a bokiti. Na uku, na san idonki. Za ki ga ganyen nan ki ce ba su da kyau. Nne, 'yar'uwata, tanki ba rumfar leshi ba ce. Duk ganyen da kika ga ja ne, laushi, mai ɗaukar ido, na ruwan daɗi ne, zartsi narkar da shi yake yi.

Batun wasiƙa kuwa, abin da ta rubuto mini nawa ne, kamar yadda naki yake naki. Na raka ta wurin tantancewa, ƙwarai, don da ban raka ta ba ita kaɗai za ta tafi. Ba zan ba ki haƙuri a kan wannan ba.

Ki sha maganinki.

Taki, ko kin so ko kin ƙi,
Philomena, Mama Ikechukwu

*

Fagge
Zuwa ga 'yata Rofiat

Wa'alaikumus salam, Allah ya yi miki albarka, ya tsare mini ke a ruwa da tudu.

Na ga wasiƙarki, na karanta ta ba wuya, tunda ba ta da yawa. Kasuwa da godiya. Kukan gashi kuwa na yi, ba ke za ki hana ni ba, ni na san wahalar da na sha kafin ya kai kafaɗa.

Na tambayi matar nan kamar yadda kika ce. Sunaye na nema, sai ta aiko mini da bokiti da wa'azi. Rofiat, da kin ga ganyen! Baƙi-baƙi, kaushi, kamar tsohuwar shaddar da aka manta a kan igiya. Wai har ɗayan na rafin garinsu ne. Ashe ba ke kaɗai za ta karɓe ba, tankin da ke ɗakina ma sai ta mayar da shi garinsu. Na ajiye bokitin a gindin famfo, bayan randa, can ya dace da shi.

Ni da kaina na shiga mota na je wurin wani mai sayar da kayan tanki a wani gefen gari. Na zaɓo miki ganye kamar yadda nake zaɓar leshin amarya: wani ja wur, wani ruwan hoda mai gashi-gashi, wani kore shar mai laushi kamar siliki. Bai tambaye ni irin ruwan ba, ni ma ban ga dalilin ba shi labarin gidana ba. Na dasa su layi-layi, ja a baya, hoda a gaba. Matan layi har sallama suke yi su shigo kallo. Kansila ya daina sintiri a jikin gilashi, yana kutsawa cikinsu yana juya idanun nan nasa kamar mai neman ƙuri'a.

Abu ɗaya ne, jan ya ɗan fara koɗewa daga gefe. Amma wannan ai sana'ata ce. Duk mai sayar da atamfa ta san in kaya na zuba, a ruwan gishiri ake jiƙa shi launi ya zauna. Ga kifi mai son gishiri, ga ganye mai neman gishiri, sai abin ya zo daidai. Na bar na shuɗin bokiti don kada ya ƙare, kullum da safe ina watsa cikin tafi ɗaya na gishirin miya. Ita mai shagon kifi ba za ta san wannan ba, ba ta taɓa sayar da ko ɗankwali ba.

Sannan wata magana. Har Mama Philo kika rubuta a takardar da kika aiko mini? Sunan nan, Mama, sai da na kwana biyu ina naƙuda kafin in same shi. Ba na jin daɗi in ga ana raba shi kamar goron biki. Na faɗa miki, kishi nake yi, kuma ba na jin kunya.

Ki ci abinci sosai. Kada ki yi wasa da salla.

Mahaifiyarki, guda ɗaya,
Hajiya Ramota

*

Fagge
Zuwa ga Philomena

Gaisuwa. Ba ni da lokacin doguwa.

Malam Ikrima zai tsaya a ƙofar shagonki har ki ba shi amsa. Kifin yarinyar nan ba shi da lafiya. Cikinsa da yake fari tas ya koma baƙi. Ya kwanta a ƙasa ya naɗe jela, numfashi yake yi da sauri. Na jefa masa dodon koɗi ya kalle shi ya kau da kai, abin da bai taɓa yi ba.

Ban sa ganyenki ba. Na sayo nawa, jajaye, kuma sun yi kyau, kowa ya shaida. Da suka fara koɗewa na riƙa ƙara gishirin miya don launi ya kama, kamar yadda muke yi wa atamfa. Maimakon ya kama sai ganyen ya zama kamar yauƙin kuɓewa, in na taɓa ya narke a yatsana. Ruwan ya yi duhu, yana wari kamar kwata. Na ƙara gishirin, abin ya ƙara lalacewa.

Laifinki ne. Da ba ki ce kin san idona ba, da ban je na sayo su ba.

Yau ban buɗe shago ba. Ina zaune a gabansa ina karanta duk abin da ya zo bakina. In kifin nan ya mutu a hannuna, da wane ido zan kalli Rofiat? Za ta ce da ma wurinki ta kai shi, kuma gaskiyarta. Ki rubuto abin da zan yi. Ki rubuto kawai.

Ramota

*

Sabon Gari
Zuwa ga Ramota

Ina gaishe ki, don uwata ta koya mini gaisuwa ko ina cikin fushi.

Chineke, Ubangijina! Gishirin miya! Kifi ne ko atamfa 'yar Holan? Na karanta takardarki a tsaye, sai da na nemi kujera.

Yanzu-yanzu ki tsame duk ganyen nan, har guntun da ya maƙale a yashi, ruɓarsu ce take shaƙe kifin. Ki ɗebi kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan ki zubar, ki mayar da ruwan daɗi wanda ya kwana, a hankali, ta gefen gilashi. Kada ki juye duka ki ce za ki wanke tanki, canjin gaggawa zai kashe shi kafin gishirin. Kada ki ba shi abinci. Wannan zai riƙe shi zuwa gobe.

Daga nan kuma biro ya gama aikinsa. Ban san yawan gishirin da kika narka a ruwan nan ba, ke ma ba ki sani ba. Sai an auna. Ma'aunin yana nan wurina, siririn gilashi ne da ke yawo a kan ruwa, ba zan ba Malam Ikrima shi ya shiga ramukan titin Bata da shi ba, ko ya iso lafiya ba ki iya karanta shi ba. Ki cika kwalba da ruwan tankin ki kawo da ƙafarki. Ni ba zan zo gidan da za a gan ni a juya mini ƙeya ba, na girmi wannan.

Tunda kuwa kin buɗe maganar kishi, zauna ki ji nawa. Ana gobe Rofiat za ta tafi na share tanki mafi kyau a shagona, na wanke, na haɗa ruwan zartsi daidai, na ɗaura ganye, ina jiran ta kawo mini Kansila. Wa ya fi ni cancanta? Ni na koya mata riƙe kifi. Sai ga ta hannu biyu babu komai, ta ce, "Mama Philo, a ɗakin Mama zai zauna." Na yi dariya na ce ya yi kyau. Da ta fita na shiga bayan kanta na yi kuka kamar an yi mini mutuwa. Tankin yana nan ba kowa a ciki, masu saye sun taya na hana.

Maza uku na haifa, suna Onitsha da Legas, babu mai rubuto mini ko a bayan kwalin ashana. Yarinya ɗaya ce ke tuna ni, ita ma ba tawa ba ce, kuma kullum sai an tuna mini. Ke kina kishin takarda mai kauri. Ni takarda aka ba ni, ke aka ba ki abin da take so.

Kin rantse, na sani. Ki zaɓa tsakanin rantsuwar da kifin. Ina buɗe shago da wuri.

Philomena

*

Daga makarantar horo
Zuwa ga Mama

Assalamu alaikum, Mama, ina gaisuwa, ina fatan kina lafiya.

Mama, don girman Allah ki daina zuba gishirin nan! Na karanta wasiƙarki a layin abinci, sai da cokali ya faɗi daga hannuna. Jan ganyen ba zuba yake yi ba, mutuwa yake yi, kuma zai tafi da Kansila. Na san kafin takardar nan ta iso mai faruwa ta riga ta faru. Na lissafa tafiyar mota zuwa da dawowa, na rasa abin yi, na je bayan ɗakin kwana na yi kuka, wata 'yar ajinmu ta ɗauka rasuwa aka yi mini.

In ya mutu, ya mutu. Zan ji zafi, ba zan ɓoye miki ba, shekara huɗu muna tare. Amma ba zan ce da ma na kai shi wani wuri ba. Da gangan na bar miki shi. Na san ɗakin zai yi miki shiru, na so ki samu wanda za ki yi wa faɗa da safe.

Kin tambaye ni a kan suna. Ban san yadda zan daina ce mata Mama Philo ba, da shi na buɗi baki. Amma akwai abin da ba ki taɓa tambayata ba, kika tsaya yin fushi da ita: me ya sa ita na faɗa wa zan shiga aikin nan, ban faɗa miki ba? Don ita in ta ce kada in tafi, zan ba ta haƙuri in tafi. Ke in kin ce kada in tafi, ba zan iya ɗaga ƙafa ba. Shi ya sa ban ba ki damar faɗa ba.

An busa usur, dole in tashi. Ki rubuto mini gaskiya, ko wace iri ce.

'Yarki,
Rofiat

*

Sabon Gari
Zuwa ga sojata Rofiat

'Yata, alherin Ubangiji ya kasance tare da ke. Ya fareti, ya sauro, ya ƙoƙon kai?

Na san hankalinki na kan abu ɗaya, don haka ga shi: yana da rai. Yanzu ki zauna ki ji sauran.

Washegarin ranar da na aika wa uwarki takarda mai zafi, ina share ƙofar shago, sai ga adaidaitar Malam Ikrima. Ta fito da mayafinta na zuwa biki, rungume da kwalba kamar jariri. Ta tsaya a bakin dakali tana kallon ƙafarta, har na ɗauka juyawa za ta yi. Sai ta yi bisimilla ta tako. Ta dangwarar da kwalbar a kan kanta ta ce, "Ga ruwan." Na ce, "Au, ashe bakin yana aiki." Ta ce, "Auna, ba hira na zo ba."

Na saka ma'auni, ya taso sama kamar zai fice daga kwalbar. Na ce, "Iya Rofiat, wannan ai saura daddawa da tattasai." Ba ta yi dariya ba. Idonta na kan tankin nan da na shirya wa Kansila, wanda yake nan ba kowa. Ta daɗe tana kallonsa. Can ta ce, "Ɗauko jakarki."

Tun daga ranar kullum ina Fagge da safe, muna rage ruwa kaɗan, muna aunawa. Ganyen da na aika mata kuwa, da ta ce ta yar a gindin famfo, na same su a inuwa, ruwansu sabo, har Anubiyas ya fitar da sabon ganye. Wai ba ta san wanda ke canza musu ruwa ba. Gidan da take zaune ita kaɗai!

Da muka zo ɗaurawa ta ƙwace itacen, ta ce ƙullina na masu ɗaure buhun gawayi ne. Ta ciro baƙin zare daga jakarta ta yi wani ƙulli da ban taɓa gani ba, ya riƙe ganyen bai matse jijiyar ba. Ya fi nawa, amma kada ki faɗa mata.

Shekaranjiya cikin Kansila ya fara washewa. Jiya ya fito daga ƙarƙashin ganye, ya zagaya dodon koɗi, ya kai masa cafka, muka ji ƙaras. Uwarki ta yi kabbara har maƙwabta suka leƙo.

Wasiƙarki ta iso mata muna tare. Ta shiga ɗaki da ita, ta daɗe, ta fito ido jajur. Na tambaye ta me kika ce, ta ce abin da aka rubuto mata nata ne. Ni ma yanzu ina so in sani, kuma abin yana cina.

Ki kula da kanki.

Mama Philo

*

Fagge
Zuwa ga 'yata Rofiat

Assalamu alaikum. Allah ya yi miki albarka.

Kansila ya tashi. Na karya rantsuwata, na ciyar da mutum goma a ƙofar masallaci, shinkafa da nama, Allah ya karɓa. Kada ki ɗauka wasiƙarki ce ta tura ni, na riga na je kafin ta iso. Na karanta ta. Ba zan ce komai a kanta ba, tana ƙarƙashin matashina.

Ganyen matar nan har yanzu ba su da kyau, amma suna raye, shi ma yana son su. Abin da ke ba ni haushi, ni nake ba shi abinci, ni nake kwana da shi a ɗaki, amma da ta yi sallama sai ya taho gaban gilashi yana rawar jiki. Halinku ɗaya.

Ta ba ni tata wasiƙar in haɗa da tawa in ba Malam Ikrima. Na riƙe su, dama da hagu. Tata ta fi kauri, ni ban iya surutu a takarda ba.

Amma ke, in za ki ba da amsa, tawa ta fi kauri. Ko farar takarda ce ki cusa, ba zan faɗa wa kowa ba.

Wassalam,
Mama